Mai Sunanki

Nima, Accra
Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Malama Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona Wasiu. Yaya zafin Tamale, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi jinin hawa trotro, motar hayar nan tamu.

Kada ki yi mini dariya don na rubuta a takarda, na ɗauki hotonta na turo miki. Yatsuna da alli suka saba. In na taɓa harafi ɗaya a wayar nan da kika saya mini, uku ke fitowa.

Amma dai wayar ta samu aiki. Wani saurayin malami da ke koyarwa a Alajo, Imurana, ya buɗe mana zaure a WhatsApp, mu arba'in da biyu, duk malaman ƙananan azuzuwa na Nima da Maamobi da Alajo. Kowane mako mutum ɗaya zai ɗauki bidiyon darasinsa ya tura, sauran su kalla su faɗi inda ya yi kyau da inda zai gyara. Ba zan ɓoye miki ba, na ƙaru. Na ga wata malama tana koyar da lissafi da murafen kwalba, na kwaikwaya, yarana suka kwaso murafe har na rasa wurin taka ƙafa.

To wannan makon layi ya zo kaina. Ki ji fa! Shekara ashirin da shida ina riƙe da aji biyu, yau yaron da aka yi sunansa ina cikin aji zai nuna mini yadda ake koyarwa. Na ce bismilla, su kalla. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Abu ɗaya ne ke damuna. Akwai sabuwar yarinya a ajina, mai sunanki, shekararta takwas, tana zama a bakin taga. Uwarta Hawa ce, mai sayar da koko a Maamobi. Ran Juma'a ta tare ni a ƙofar makaranta, ta ce kullum da safe sai an yi dambe kafin yarinyar ta sa rigar makaranta, alhali a tsohuwar makarantarsu ita ke tashin kowa. Wallahi ban taɓa ɗaga mata bulala ba, ko tsawa ban yi mata ba. Na rasa abin da ke cinta.

Ki shafa mini kan angona, ki ce ya daina tsada, ya zo ya ga amaryarsa.

Mahaifiyarki,
Zenabu

Nima, Accra
Laraba, 16 ga Oktoba, 2024

Malama Nas,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan tarin da kika ce Wasiu na yi ya sauka. Ni jikina lafiya, amma raina ba daɗi, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Na jingina wayar a kan akwatin alli, na yi darasin karatu, na tura. Yabo ya yi ta shigowa, har na fara jin kaina. Sai Imurana ya kira ni ni kaɗai, bai yi magana a zaure ba, wannan kam na yaba masa. Ya fara da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun daga nan na san akwai magana. Ashe yaron nan zama ya yi da biro yana ƙirga wanda na kira. Ya ce yara talatin da huɗu ne a ajin, na ambaci sunan talatin da uku, wasu har sau uku. Yarinyar bakin taga ta ɗaga hannu sau bakwai, ban kira ta ko sau ɗaya ba.

Na wanke shi tas. Na ce masa ni na koyar da yayyensa, na danna na fice daga zauren.

Da na yi la'asar zuciya ta sauka, sai na kunna bidiyon don in kama shi da ƙarya. Kaico! Ga ni nan ƙiri-ƙiri. Yarinyar ta ɗaga hannu, na juyo, na dube ta, har bakina ya buɗe, sai na kau da kai na kira na bayanta. A na bakwai hannun bai wuce kunnenta ba, ta sauke shi ta cusa a ƙarƙashin tebur. Sai kuma na tuna rajista. Kowace safiya ina kiran kowa da sunansa, in na zo kanta sai in ɗaga ido in ga tana nan, in sa alama, in wuce. Wata guda cur! Rimin da na ce yaro ya hau, ashe bai ma buƙace shi ba, waya ta ishe shi.

Kin san dalili. Ke ce 'yar farina, kuma sunan uwar mijina aka sa miki. Kakata, wadda ta zo ƙasar nan daga Kano tare da fataken goro, ita ta raine ni, ita ta koya mini cewa mace mai kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle na surukarta. Shekara talatin da ɗaya bakina yana kauce wa sunan nan, har ya koyi kaucewa ba da sanina ba. Na taɓa samun masu sunan a aji, amma dukansu da laƙabinsu suka zo daga gida, da shi nake kiransu. Wannan ba ta da wani suna sai shi.

Jiya na je wurin Hawa. Ta zuba mini koko, ta ƙi kallona. Ta ce yarinyar ta gaya mata Madam ba ta sonta, ko sunanta ba ta sani ba. A gidansu ba a san irin wannan kunyar tamu ba. Ta ce ta gaji da kokawar safiya, daga Litinin za ta bar ta a gindin tukunya tana wanke kofuna. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Juma'a.

Yanzu ina so in tambaye ki wani abu, ki faɗa mini gaskiya don Allah. Ke ma haka kika ji?

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki,
Zenabu

Nima, Accra
Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka da fatan alheri. Alhamdu lillahi da jikin angona ya yi sauƙi.

Saƙon muryarki ya iso. Kin fara da dariya, kina cewa tsohuwa ta shiga hannun 'yan zamani, sai na ji muryar ta karye. Ni na manta da ranar rabon kyaututtukan nan, ke ba ki manta ba. Ni ke karanta sunaye a lasifika, da aka zo kan wadda ta zo ta ɗaya a aji shida, wato ke, sai na miƙa wa wani malami takardar. Kika ce kin ɗauka ban yi murna ba. Yarinya, ranar ban iya cin abinci ba don daɗi! Bayan ɗakin malamai na zaga na yi kukana, na wanke fuska na dawo ina ɗaure miki ita. Sau biyar na saurari saƙon nan, kowane karo sai na nemi bakin mayafi.

Na sauke girman kai na ce Imurana ya mayar da ni zaure, na yi musu bayani da bakina. Sai ga asiri yana ta tonuwa! Wani dattijon malami a Maamobi ya ce shekara guda yana kiran wani yaro "kai mai jar jaka" don sunan surukinsa gare shi. Yanzu an sa doka, duk wanda ya tura bidiyo sai an ƙirga masa sunaye. Wasu suka ba ni shawara in raɗa wa yarinyar laƙabi in huta. Na ce a'a. Ta ji ana kiran kowa da sunan da ubansa ya sa masa, nata take jira.

Ran Alhamis na kulle ɗaki, na sa wayar a gaba ina gwaji. Ki ga tsohuwa tana gumi a kan suna ɗaya! Sai in fara, in ji kamar kakata tana tsaye a bayana. Na nemi gafararta, na ce Iya, ke kunya kika koya mini, ba ki ce in sa 'yar mutane kuka ba.

Ran Juma'a Hawa ta kawo ta da kanta, idanunta sun kumbura. Na buɗe rajista, na kira goma sha ɗaya, na zo kan na sha biyu. Na kira. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har ajin ya yi tsit. Yarinyar ba ta amsa ba. Waiwayawa ta yi bayanta, tana neman wadda ake kira. Na sake kira, ina kallonta. Sai ta miƙe a hankali, ta riƙe bakin tebur, ta amsa. Kafin a tashi ta ɗaga hannu sau huɗu, na kira ta duka huɗun. Biyu ba daidai ta amsa ba, ko a jikina. Jiya Hawa ta aiko mini da koko da ƙosai, ta ce yarinyar ta wanke rigar makarantarta da kanta, ta shanya tana gadi kada ruwa ya taɓa.

Na biya 'yar mutane bashin wata guda, saura naki na shekara talatin da ɗaya. Bayan hoton takardar nan za ki ga ɗan saƙon murya, gajere ne ƙwarai. Kada ki kunna a gaban mijinki, har yanzu da sauran kunyata. Ki shiga ɗaki ki saurara, kuma ki amsa ko da ba na jin ki.

Allah ya yi miki albarka, Adiza.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Zenabu