Ɓeran da Baba Ya Ƙi Ba Wa Sunansa

Anguwan Rogo, Jos
14 ga Yuli, 2006

Zuwa ga Yaya Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ummusalma da Ashraf, kuma zafin Khartoum bai hana ka karatu ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake ta yi da sanyin nan na Jos da ka sani.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zancen Fidelis, abokinka, ɗan Mama Nkiruka, maƙwabtanmu na da. Ka san tun rikicin 2001, da Baba ya ɓoye su a ɗakin Inna, suka koma wajen Kuru, ƙafarsu ta ɗauke daga unguwar nan. To bara sai ga shi da sallama har shagon ɗinkin Baba. Ya ce a binciken da yake yi a gonakin Naraguta ya samu wani ɓeran daji mai dogayen ƙafafun baya, mai tsalle, kuma masana sun duba haƙoransa da ƙoƙon kansa sun tabbatar ba a taɓa rubuta irinsa ba. Wai wanda ya gano dabba shi ke raɗa mata suna, shi kuwa sunan Baba yake so ya sa, Haladu.

Ka san halin Baba. Ya miƙe da almakashi a hannu, ya ce shekara da shekaru ana tsokanar teloli da satar ƙyalle, yanzu kuma a haɗa sunansa da ɓera, 'yan majalisa su samu abin dariya har ya mutu? Ya ce sakayyar da za a yi masa ke nan? Fidelis ya durƙusa ya yi sallama ya fita. Wallahi na ji masa ciwo.

Sai da ƙanwarmu Salma ta dawo daga jami'a ta bayyana wa Baba cewa a wajen masu wannan ilimi babu girmamawar da ta fi wannan, kamar a yi wa mutum takwara ne. Ya yi watanni yana cika yana batsewa, sannan ya ɗinka kaftani mai kyau, ya ce in kai wa yaron nan, in ce masa ya yarda.

Na je na tarar an riga an buga sunan. Fidelis ya ce a dokarsu, suna in ya fita ba ya canzuwa har abada. Da Baba ya ƙi, sai ya sa wata kalmar Latin mai nufin maƙwabci. Kaftanin ma bai shige shi ba, don da awon da Baba ya riƙe a ka ya ɗinka, na wancan siririn yaron da ya bar unguwa. Duk da haka ya karɓa da hannu biyu.

Da na faɗa wa Baba, ya daɗe yana kallon katangar tsohon gidan su Fidelis. Sai ya ce ashe yaron ya yi girma bai sani ba. Don Allah ka kira Fidelis ka lallashe shi ya sake zuwa. Baba ya yanka wani yadin ya ajiye, ya ce ba zai ɗinka ba sai ya auna shi da hannunsa.

Inna da Salma suna gaishe ku. A shafa min kan Ashraf.

Ƙanwarka,
Kubra