Kashi na Huɗu

Wudil, ranar Juma'a

Zuwa ga mahaifina, Malam Ja'afaru Magini.

Baba, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya jiki, yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya Inna da Zuwaira da sauran mutanen gida? Na rubuto ne tunda kunnenka ba ya ɗaukar magana ta waya. Tijjani direba zai miƙo maka in kasuwa ta watse. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Na iso lafiya. Dakta Iliya, malamin jami'ar nan da ya zo garinmu yana ɗaukar hoton bangwaye, wanda ya nemi ka zo ka ce ga ɗanka, shi da kansa ya ɗauko ni a bakin gada. Mutumin kirki ne, ya samo min ɗaki kusa da masu gadi. Garin dai akwai hayaniya. Tirela ba ta daina wucewa, har yanzu kaina bai saba ba.

To ga aikin. Bango ne dogo a tsakar wurin da ɗalibai suke koyon zanen gine-gine, an raba shi kashi huɗu. Dakta ya ce kowane kashi zamani ne. Na farko wai kafin zuwan Turawa, ƙasa zalla, dagi da layuka masu kauri. Na biyu lokacin da fatake suka yi arziki, zane ya cika fuskar gida tun daga ƙasa har zankon saman soro. Na uku zamanin siminti da fenti, da keke da agogo da jirgin sama. Wai a nan kake, Baba. Ni wallahi ban taɓa sanin kana cikin wani kashi ba. Na ɗauka zane zane ne, kai ka koya wajen Kaka, shi ma ya koya wajen nasa uban.

Da na tambayi na huɗun, sai ya ce namu ne, na yanzu. Wai shafe shi zan yi sumul, kada in zana komai, don ɗalibai su gani da idonsu cewa sana'ar ta tsaya. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, shi ma da ganin fuskarsa abin yana damunsa.

Baba, cewa ka yi in zo in tsaya a madadinka kada sunan gidanmu ya faɗi. To in na shafe wurin nan da hannuna, ai ni ne na faɗa wa duniya mun ƙare. Na dai kama aikin kashi na farko.

A gaida Inna, a ce mata ina cin abinci.

Ɗanka,
Sabo


Wudil, ranar Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, kuma maganin da aka karɓo a Lajawa ya yi amfani. Ni lafiya lau, sai gajiya. Bayana kamar an yi min duka.

Har yanzu ina kan kashi na farko. In yi, a ce in rushe, in sake kwaɓa ƙasa. Dagi ne fa, Baba, wanda nake yi tun ban kai tsawon jarka ba. Akwai wata ɗaliba, Khaulat, ita Dakta ya sa take duba aikin da tsofaffin hotuna a wayarta. Sai ta kalli hoton, ta kalli bangon, ta ce Sarkin Magina, wannan hannun babanka ne, na kakan kakanka muke nema. Haka take ce min, wai Sarkin Magina, ni da ko tsani nawa ban mallaka ba. Ta ce layina ya yi siriri, ya yi tsabta da yawa, wai hannun siminti gare ni ko da ƙasa nake aiki. Da farko na ji haushi. Da ta matso min da hoton na duba sosai, sai na ga gaskiyarta. Nasu na da kauri ne da nauyi, da tafin hannu suka yi, ba da cokalin gini ba. Sai da na ajiye cokalin sannan Dakta ya gyaɗa kai.

Abin da ya fi gajiyar da ni surutun ɗaliban ne. Suna zuwa su yi hoto da ni da taɓo a fuskata. Wani Muhyiddeen, mai baki kamar rediyo, ya tambaye ni wai ni atis ne, wato mai fasahar zane? Na ce a'a, magini ne. Sai gardama ta tashi a kaina kamar ba na wurin. Shi ya ce abin da yake riƙe rufin ɗaki ba fasaha ba ce, aiki ne kawai, fasaha ita ce abin da aka yi don a kalla. Khaulat ta ce to hular da ke kansa ya cire ta rataye a bango tunda ado ce, ya daina tare rana da ita. Aka yi ta dariya. Dakta ya zo suka kai masa ƙara, ya ce mutanen duniya sun daɗe suna wannan faɗan ba su gama ba, su ma ba yau za su gama ba. Ni dai ina ta cuɗa ƙasa. Har suka watse ban gane ko an zage mu ne ko an yabe mu ba.

Baba, ina da tambaya, kada ka ga rashin kunyata. Dakta ya ce keke sabon abu ne a zane, wai a zamaninku aka fara, tsofaffin lokacin ma ba su so ba. Gaskiya ne? Ni na ɗauka Kaka ma yana yi.

Kashi na huɗu yana nan a ƙarshen bangon. Kullum in na ɗebo ruwa sai na wuce ta gabansa.

A gaida kowa da kowa.

Ɗanka,
Sabo


Wudil, ranar Juma'a

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, Tijjani ya kawo min har da ƙuli-ƙulin Inna, Allah ya saka. Na ji daɗi da ka ce kana iya takawa zuwa masallaci.

Na karanta na sake karantawa. Ashe ranar da ka zana keke a gidan Alhaji Abba mai goro, Kaka saukar da kai ya yi daga kan tsani a gaban mutane, ya ce ka mai da sana'ar gidanmu wasan yara. Ashe har damina ta wuce ba ya cin abinci tare da kai. Baba, ba ka taɓa ba ni wannan labarin ba. Ni da na tashi ina ganin keken nan kamar tare da garin aka halicce shi.

Wannan ne ya ba ni ƙarfin hali. Na sami Dakta a ofis, na cire takalmi a ƙofa, ya ce in mayar da abina. Na ce ina roƙon ya bar min kashi na huɗu in zana. Sai ya ce ya yi shekaru yana yawo ƙauyuka yana neman sabon zanen da aka yi a zamanin nan, bai samu ba, sai dai a kwaikwayi na da a otal ko a gidan gwamnati. Ya ce babu abin da zai fi faranta masa rai kamar a nuna masa ya yi kuskure. Amma da sharaɗi. Kada ya zama naka, Baba, kada ya zama na Kaka, ya zama nawa. In kuma bai yiwu ba kafin ranar da manyan makaranta za su zo buɗe bangon, ni da kaina zan shafe. Na ce na yarda.

Na gama na biyu. Na uku kuwa ko Khaulat ba ta sami abin cewa ba. Hannuna gudu yake yi shi kaɗai, keken ya fito da ƙararrawarsa da komai, agogo a sama, fenti shuɗi da rawaya irin yadda kake haɗawa. Masu shara ma sun tsaya kallo. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce gidan da aka kai ta amarya a Indabo haka yake, ta daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu.

Gobe in Allah ya kai mu zan fara nawa. Ka sa ni a addu'a. Gaskiya na gaji, tafin hannuna duk ya tsage, amma raina ya ɗan yi sanyi.

Ɗanka mai biyayya,
Sabo


Wudil, ranar Juma'a

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Zuwaira. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri Juma'ar da ta wuce Tijjani ya zo hannu wofi. Ban san abin da zan rubuta ba ne.

Baba, na shafe shi.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, kada ka ji a bakin wani. Na yi tunani na ce kai keke ka gani a zamaninka ka zana, to ni me nake gani? Sai na zana waya babba a tsakiya, da adaidaita sahu a ƙasa, da farantin sola a sama. Na ba shi ƙarfina duka. Da safe ɗalibai suka taru. Muhyiddeen ya ce Sarkin Magina, nawa ake cajin waya a shagon naka? Wai saura in rubuta ana sayar da kati. Har masu gadi sai da suka yi dariya. Wannan bai dame ni sosai ba, bakinsa ne. Maganar Khaulat ce ta kwantar da ni, don ita ba ta yi dariya ba. Ta ja ni baya ta ce in kalli na uku in kalli na huɗu. Ta ce da'irar ɗaya ce, lanƙwasar ɗaya ce, inda ka sa agogo nan na sa sola. Keken babanka ne, ta ce, cire shi kawai ka yi ka sa waya. Na duba. Haka ne.

Na rushe na sake. Na yi kifi da gada, ya fito kamar na Kaka. Na yi wasu layuka da ni kaina ban san ko mene ne ba. Dakta yana zuwa ya tsaya, ya kalla, ya ce sannu da aiki, ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Ranar da na gaji na rasa yadda zan yi, na zagaya bayan bangon in zauna a inuwa. Ciyawa ce kawai a wurin da tankin ruwa. A nan na tuna yadda kake yi. Ba ka taɓa ɗora hannu a bango ba sai ka zauna da mai gidan a zaure, ka ji sana'arsa, ka ji abin da yake alfahari da shi, ka ji abin da matarsa ba ta so. Alhaji Abba keke ya saya yana so gari ya sani, shi ya sa keken ya zauna daram. To ni wa zan tambaya? Bangon nan babu gida a bayansa, babu mai shiga babu mai fita. Ni kuma tunda na girma ba a taɓa kiran mu zanen gida ba. Bulo nake ɗauka, kai ma ka sani. Duk abin da hannuna ya iya naka ne.

Ba wanda ya matsa min. Ana gobe taro na kwaɓa filasta na shafe shi sumul, ko tabon cokali babu. Ban taɓa aikin da ya gajiyar da ni kamarsa ba.

An yi taron. An rubuta sunanka a ƙarƙashin kashi na uku, Malam Ja'afaru Magini, da sunan garinmu, an kuma karanta a lasifika. Sunanka bai faɗi ba, Baba. Mutane sun fi daɗewa a gaban na huɗun, suna ta magana da Turanci. Dakta ya tambaye ni ko a sa sunana a ƙarƙashinsa tunda ni na yi. Na ce a'a, a bar shi haka tukuna. Ya riƙe hannuna ya ce in na yi wani abu ko a ina ne in aiko masa, zai zo ko da damina ce.

Yanzu ga roƙona. Ka yi wa rabin garinmu zane amma fuskar zaurenmu yaɓe ne kawai tun ina yaro. Ka ba ni ita. Zan zo mu zauna a zauren, kai mai gida ni magini, in tambaye ka yadda kake tambayar mutane. Ban san abin da zai fito ba. Wataƙila ya yi muni a yi mana dariya a gari, kuma kai ne za ka riƙa zama a gabansa kullum. Shi ya sa ban ce dole ba. In ka ga bai dace ba, zan koma wajen masu bulo, ba zan sake tayar da maganar ba.

Juma'a mai zuwa zan biyo motar Tijjani. Ba sai ka wahalar da kanka da rubutu ba. In ka yarda, ka sa Zuwaira ta jiƙa makubar shafen bango a tsohuwar randar nan ta bayan ɗaki. In na sauka can zan fara leƙawa kafin in shigo gaishe ku.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

Ni ne ɗanka,
Sabo