Wandon Makarantar da Mama Ta Ɗinka

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma muna nan lafiya gwargwado. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago, babbar 'yata kuma ta shiga ajin ƙarshe na firamare, ta fara jin kanta daidai da ni.

Littafinka ya iso. Ashe shirun da ka yi shekarun nan, tonon asirin gidanmu kake yi. Ka ce ƙirƙirarren labari ne na ban dariya don yara, amma yaron nan ɗan firamare mai manyan kunnuwa kai ne, yayarsa sarkin kai ƙara kuwa na san wadda kake nufi, kuma zan rama. Yarana sun yi ta rububinsa har bangon ya fara ɓallewa.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba, maganar Mama ce. Mantuwar da na gaya maka a waya, ka ce tsufa ne kawai, ta wuce yadda kake zato. Takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Keken ɗinkinta yana nan a bakin taga, takan zauna ta ɗora ƙafa a kai, sai ta rasa me ake yi da shi. Abin yana ci mini rai, Auta, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ran Lahadi da yamma na karanta mata babin wando, inda uwar yaron ta ɗinka masa wandon makaranta ƙato wai don ya girma a ciki, ya ɗaure shi da igiyar shanya, igiyar ta tsinke yana tsaye a gaban dukan 'yan makaranta. Mama ta yi dariya har da hawaye. Rabona da jin wannan dariyar tun bara. Da ta huta sai ta shiga kare matar, ta ce ai tana da gaskiya, yaro kullum girma yake, kuskurenta ɗaya da ba ta sa roba a ƙugu ba. Har ta nuna mini da hannu yadda ake kalmashe ƙafar wando ta ciki, a riƙa warwarewa duk shekara. Na ɗauka ta tuna. Na ce mata ai ita ce matar, Autanta ne ya rubuta. Ta dube ni da ladabi irin na baƙuwa, ta ce ita Allah bai ba ta ɗa namiji ba, amma da ta so.

Na shige kicin na yi kukana na wanke fuska. Da na dawo ta tambaye ni ko yaron ya cika wandon daga baya, kuma ko uwarsa ta gani da idonta. Na ce zan tambayi marubucin.

To, ga shi na tambaye ka. Ka zo ka ba ta amsa da kanka. Kada ka jira yara su yi hutu, kada ka jira ka gama littafi na biyu. Akwai safiyar da takan tashi garau ta gane kowa, amma irin safiyar nan tana raguwa, kuma ina so ɗaya ta same ka a ɗakinta.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Kawu da Goggo da maigidana suna gaishe ka. Na ce wa Mama zan rubuta maka, ta ce in gaida marubucin, in kuma gaida mahaifiyarsa.

Yayarka,
Sarkin kai ƙara