Juyin Mati a Ƙarshen Kunya

Litinin, 14 ga Yuni, 1965. Gozaki.
Sati uku ke nan ina koya wa ƙanena Mati huɗa da shanu. Tsakiyar gona lafiya lau, kunya a miƙe. Da ya zo ƙarshe wurin juyawa sai ya danne garma maimakon ya ɗaga ta, karkiya ta murɗe wuyan shanu. Ƙato da mata da 'ya'ya! Na zuba masa dorina biyu.

Laraba, 16 ga Yuni.
Baba ya ce in Mati bai iya ba kafin shukar auduga, za a kai shanun kasuwar Kafur, kowa ya koma garmar hannu. Shanun da na yi shekara ina horarwa. Wallahi raina ya ɓaci.

Alhamis, 17 ga Yuni.
Na tsaya a ƙarshen kunya ina ihu, "Ɗaga! Ɗaga, dan ubanka!" Ya danne. Na fasa masa leɓe. Shi kuma ya huce a kan ɗaya daga cikin shanun, Baƙin sa, ya yi ta jibgarsa da sanda har hancinsa ya yi jini. Lauratu, matarsa, ta kawo fura, ko gaishe ni ba ta yi ba.

Asabar, 19 ga Yuni.
Na ɗaga dorina, Baƙin ya zaci shi zan daka. Ya zura mini ƙaho a cinya, ya watsar da ni cikin kunya. Jini har cikin takalmi. Mati ne ya goyo ni gida.

Talata, 22 ga Yuni.
Kwance. Ƙafa ta kumbura. Shi ke nan, shanu sun tafi.

Laraba, 23 ga Yuni.
Lauratu ta ce Mati ya huɗe gonar rafi shi kaɗai. Ƙarya.

Juma'a, 25 ga Yuni.
Na dogara sanda na laɓe bayan ɗorawa. Mati ya zo ƙarshe, ya kwantar da garma gefe, ya yi wa shanu magana a hankali, suka juyo sumul. Sau tara na ƙirga. Ya hango ni, nan take ya danne, karkiya ta murɗe.
Na ce, "Me ya sa?"
Ya ce, "Yaya, in kana tsaye, hannunka nake kallo, ba garma ba."
Rainin wayo. Na dawo gida.

Lahadi, 27 ga Yuni.
Baba ya fasa sayarwa. Ban je gona ba, ƙafa ce. Inno, mahaifiyarmu, tana neman abin ɗaure ƙofar akurki, na ba ta dorinar. Dama ta tsufa.