Bindigar Baba Tana Hannunka

Zuwa ga ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Ya Inna da Zulaiha da mutanen Tarai? Ni lafiya ƙalau, aikin gona a Kanada da sauƙi, sanyi ne dai ya tsattsaga min hannu.

Na ga hotonka da zabi biyu, ga bindigar marigayi Baba a kafaɗarka. Na taya ka murna, amma ka san ni Baba ya fara kaiwa daji, kana goye.

Ni nan ko kurciya ban harba ba. Sai mutum ya zauna aji, ya ci jarrabawar kiyaye haɗari, sannan a ba shi lasisi. Ranar gwaji aka miƙo min bindiga, na saɓa ta yadda Baba yake yi, ban duba ko da harsashi a ciki ba. Malamar ta ce in dawo wata mai zuwa. Ni, ɗan Sallau maharbi!

Kar Inna ta ji. Allah ya ƙara mata lafiya. Bindigar kuwa ka riƙa shafa mata mai, amma kar kafaɗarka ta saba da ita. Ni ne babba, kuma zan dawo.

Yayanka,
Ishiyaku