Waƙar Bakkai Mai Ramuka

Litinin, 3 ga Maris, 2014

Bakkai ya saki sabuwar waƙa. Ban je nemanta ba, ita ta iske ni har shago. Wanda sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi a waya ba shi da ikon kunnensa. Tun safe duk wanda ya tsaya a bakin tebur, "Agali, sa mini sabuwar ta yayanka." Kamar ba su san shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Sun sani sarai. Tamanrasset ce, in ka yi tari a Tahaggart sai a yi maka sannu a Sarsuf.

Na tura musu, ban saurara ba. To, na saurara sau ɗaya, don in tabbatar ta hau daidai.

Talata, 4 ga Maris

Wani mutum ne a bakin rijiya da gugarsa, igiya ba ta kai ruwa ba, raƙuma suna kallonsa. Iyakar waƙar ke nan. A kan wannan gari ya rikice.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau shagona ya zama makarantar fassara. Wani direban hanyar Kidal ya rantse cewa rijiyar ƙasarmu ce, igiyar kuma shugabannin da suka gaza. Wani malamin makaranta ya ce a'a, fari ne da ƙaura. 'Yan mata biyu suka yi ta ƙus-ƙus, wai wata ce a garin Janet ta ƙi Bakkai. Mutum mai 'ya'ya huɗu.

Kawsan, taubashina, shi ya fi kowa ɓata mini rai. Wai ya ji Turawa masu kiɗan rok suna ɓoye magana a cikin waƙa, sai an juya ta baya take fitowa. Ya nace sai da na juya masa ita a kwamfuta. Muka kasa kunne kamar masu jiran wahayi. Abin da ya fito kukan jaki ne mai mura.

Ya ce, "Ka ji? Sunanka ya kira."

Na jefe shi da murfin buta. Taubashi ne, babu yadda na iya da shi.

Asabar, 8 ga Maris

Ni ba ƙasa nake nema a cikinta ba, ba mace ba. Zagina nake nema. Na san Bakkai, ba ya magana kai tsaye ko da gemunsa ya kama wuta. In zai ce maka shayinka ya yi sanyi, sai ya ba ka labarin wani kawunsa da ya mutu. Na rubuta baitocin, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni ne igiyar da ba ta kai ba? Ko ni ne raƙumin da ya tsaya yana kallo? Duk inda na sa kaina sai in ga ya yi daidai, sai kuma in ga bai yi ba.

Shekara tara ina zaune a hagunsa. Ya jefo magana da jitarsa, in amsa masa da tawa, haka muka zagaye bukukuwan garin nan da janareta mai tari. Da Turawa suka kira mu, fasfona ya maƙale a ofis. Bai jira ba. Wannan ban riƙe shi ba, jirgi ba ya jiran kowa. Abin da na riƙe shi ne a bakin mai sayar da gawayi na ji cewa ya ɗauki Sidamar a gurbina. Gida ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci gurasar tagalla da daren nan, bai ce mini uffan ba. Ranar na rantse ba zan ƙara zama a hagunsa ba.

Har gobe abin yana ci mini rai, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Litinin, 10 ga Maris

Waƙar ma ba ta da kyau. Na faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Abin da nake nufi, ramuka gare ta. Bayan kowane baiti jitar Bakkai takan haura, ta tsaya a sama kamar mai tambaya, sai shiru. Ganga kawai da tafin mata, na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wurin amshi ne, kowane ɗan koyo ya sani. Ina Sidamar ɗin? Barci yake yi? An ɗauko shi daga bikin suna an kai shi Faransa, amma amshi ya gagare shi.

Na faɗa wa malamin makarantar nan, ya ce ai shirun ne ma'anar, shirun mutanen da aka hana magana. Na ce masa shirun rago ne. Ya tafi yana girgiza kai, wai hassada ce take damuna.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ga Bakkai a ƙofar masallaci. Ya ja amawalin rawaninsa har ƙarƙashin ido, na ja nawa. Ya rame. Ba ruwana.

Lahadi, 16 ga Maris

Anna, mahaifiyarmu, ta aiko kirana. Bikin ƙanwarmu Tallit ranar ashirin da takwas, Bakkai zai yi kiɗa da la'asar. Bayan biki zai kwashe iyalinsa su koma Faransa, an ba shi aiki mai tsawo, babu ranar dawowa. Ban san da wannan ba. Yanzu ma a bakin wani na ji.

Tana kaɗa nono a salka, ba ta ko dube ni ba. Ta ce ita ta tsufa, in ya tafi muna haka, haka za mu dawwama, don babu wanda zai sake zaunar da mu a tabarma ɗaya.

Na ce, "Anna, kalma biyu kawai nake jira. Ya ce na yi kuskure."

Ta ce, "Yaushe ka taɓa ganin babba ya sauke amawali ya ba ƙaninsa haƙuri? Ubanku ya taɓa yi wa wani? Raƙumi yake aikawa, a gane."

Na ce to ni ban ga raƙumi ba.

Ta ce, "Kai dai kurma ne mai sayar da waƙa."

Na tashi ban sha kofin shayi na uku ba. Na san rashin kunya ne, gobe zan koma.

Talata, 18 ga Maris

Matata Takna ta kama ni. Muna shan shayi, waƙar tana tashi daga wayar maƙwabta, ta ce, "Malam, faranti ya yi maka laifi ne?" Na duba, ashe yatsuna na hagu suna ta tafiya a gefen faranti. Ta ce duk sanda jitar ta yi shiru suke farawa, in ta dawo su tsaya, kuma ta daɗe tana kallo. Na ce ƙaiƙayi ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, akwai maganinsa a saman kwaba, a cikin bargo.

Mace in ta zauna da kai shekara goma ba ka da sauran asiri.

Alhamis, 20 ga Maris

Sidamar ya zo shago. Ban taɓa yi masa magana ba sai yau. Ya daɗe yana juya wayarsa kafin ya ce in goge masa sabuwar waƙar, ya gaji da ita. Na ce ai kai ka ɓata ta, ka bar ramuka kamar hanyar In Gizam.

Ya dube ni kamar zai yi kuka. Wai ni ma haka na ɗauka? Duk gari ana yi masa dariya, har surukinsa ya tambaye shi ko hannunsa ya shanye. Ya ce ranar da za su ɗauki waƙar ya shirya amshi mai kyau, ya kwana yana gyara shi. Yana sa yatsa Bakkai ya ɗaga hannu, aka tsaya. Aka sake, ya sake shiga, aka sake tsayawa. Baturen da ke ɗaukar sautin ma ya roƙa a cike wurin.

"Sai ya ce mini, Sidamar, ko'ina ka ga dama ka kaɗa, amma ban da nan. Nan da mai shi."

Na goge masa waƙar. Da zai fita ya juyo ya ce, "Don Allah, Yaya Agali, ka zo ka karɓi kayanka, na gaji da gadi."

Na rufe shago kafin azahar.

Juma'a, 21 ga Maris

Haushi ma ya ƙaru. Wa ya ce ya ajiye mini? Mutum yana da baki, yana da ƙafa, ya san ƙofar gidana, amma sai ya zaɓi ya aiko saƙo ta wayar dukan gari, ni kuma in yi ta tura shi da hannuna ina karɓar dinari kamar wawa. Direbobi suna can suna kuka a kan ƙasa, 'yan mata a kan ta Janet. Kwana nawa na ɓata ina tonon zagi a cikin baitoci, ashe ba a nan abin yake ba.

Wannan ba ban-haƙuri ba ne. Tarko ne. In na shiga, ya ci ke nan ba tare da ya buɗe baki ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban iya barci ba.

Talata, 25 ga Maris

Na sauko da jitata daga saman kwaba, don in ga ko ɓera ya ci bargon. Tsirkiya biyu sun yi tsatsa. Na saya sababbi a kasuwa, saboda in zan sayar da ita ba a saye da tsatsa. Kawsan ya gan ni a wurin mai tsirkiya, ya ce, "Angon jita, a kawo lalle?" Na ce masa sayarwa zan yi. Ya ce shi ma raƙumin kakansa yana tashi sama.

Alhamis, 27 ga Maris

Gobe zan je don Tallit. Zan taimaka da janareta da wayoyin lasifika, tunda babu wanda ya san halinsu kamar ni. Jita tana gida. Na gaya wa Takna kada ta kuskura.

Asabar, 29 ga Maris

Ta kuskura. Ta ba Kawsan ya ɗauko ta a ɓoye.

Jiya da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a filin bayan gidan Anna. Mata sun yi layi da baƙaƙen mayafai, maza sun zagaye, motoci a baya. Ni ina can gefe a tsugune wurin janareta, hannu duk mai. Bakkai ya yi tsofaffin waƙoƙi, Sidamar yana damansa. Hagunsa babu kowa, sai jitata a kwance a kan tabarma, an riga an haɗa ta da lasifika. Na yi kamar ban gani ba.

Sai ya ɗauko ta rijiya. Fili ya ɗauki guɗa. Ya yi baitin farko, jita ta haura, ta tsaya. Ganga da tafi. Na ƙirga a raina inda zai dawo, bai dawo ba. Mai ganga ya dube shi, ya ci gaba da bugu. Mata suna tafi, hannuwa sun fara gajiya, wasu suna waige-waige. Shi kuwa yana zaune, amawali har ido, yana kallon ƙasa, hannunsa a kan tsirkiya bai motsa ba. Bakkai da ba ya yarda a ga gazawarsa ko a gaban 'ya'yansa, ya zauna a gaban surukan Tallit da duk unguwa kamar wanda ya manta waƙarsa. Na ji wani a bayana yana cewa ko dai ba shi da lafiya. Wani ya yi dariya.

Dariyar nan ce ban iya jurewa ba. Ba wani abu ba.

Ban san sanda na tsallake wayoyi ba. Na ɗauki jitar da hannun mai, na amsa masa. Ba wani amshin kirki ba ne, yatsu sun yi nauyi, amma tun farkon wata yake cikinsu, bai nemi shawarata ba ya fito. Ina saukewa ya karɓe, daidai inda ya saba karɓewa. Bai ɗago ba. Amma na ga amawalin ya jiƙe a ƙarƙashin ido, kuma ba zafi ake yi ba.

Anna ce ta fara guɗa, da muryar nan tata da ta shaƙe.

A tsaye na kaɗa har aka tashi, rantsuwata a kan zama ce. Takna ta ce in bar yaudarar kai in fara azumin kaffara.

Muna naɗe wayoyi ya zo ya tsaya kusa da ni. Na jira kalmomin nan biyu. Ya ce, "Tsirkiyarka ta uku ta yi ƙasa." Na ce sabuwa ce. Ya ce, "Na gani."

Shi ke nan abin da na samu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Malamin makaranta ya ji wadda aka ɗauka a biki, ya ce na lalata ma'anar waƙar. Na ce Allah ya ba shi haƙuri.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Su Bakkai sun tafi jiya. Ban raka su filin jirgi ba, shago ba ya tsare kansa. Na dai leƙa gidan Anna da safe, muka sha shayi, kofi uku, a tabarma ɗaya. Ba mu yi wata magana ba sai ta tsadar gawayi.

Yau Kawsan ya ajiye mini memori a kan tebur, wai Bakkai ya ce a ba ni bayan jirgi ya tashi. Sababbin waƙoƙi ne da babu wanda ya taɓa ji, shi kaɗai da jitarsa a ɗaki, har ana jin kukan akuyar Anna a baya. Duka ramuka ne, ta ƙarshen ma ramin ya fi waƙar yawa.

Halinsa ke nan, ya tara wa mutum aiki ya kama gabansa. Har yanzu bai ba ni haƙuri ba, kuma ban ce na yafe ba.

Na ɗaure tsirkiya ta ukun. Gobe sai in tambayi Sidamar yadda ake aika sauti Faransa.