Tsohon da Ke Cikin Hoton Ba Ni Ba Ne

Blaencarw, Wales,
Ranar Laraba, cikin Maris.

Zuwa ga 'yata Nerys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Hemi da yara. Allah Ya tsare ku a can New Zealand, ƙarshen duniyar da kika zaɓa wa kanki. Ni dai ga ni nan, da sauƙi. Ƙafar hagu tana nan yadda kika bar ta, ƙirjin kuma in na hau bene yakan yi ƙara kamar tsohuwar butar shayi. Ruwa bai ɗauke ba tun da na dawo. Goggonki Eirlys tana nan a gidan tsofaffi. Ranar Lahadi maƙwabciyata Beti ta kai ni wurinta a mota, goggon taki ta ƙare mini kallo, ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran taga. Biskit ɗin da na kai mata dai ta cinye. Cocinmu kuwa an ce za a haɗe mu da na ƙasan kwari, tunda mu da muka rage ba ma cika benci biyu.

Na ɗauki alƙalami ne domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Sau biyu kina kira tun bayan tafiyar nan ta Scotland, sau biyu kina faɗa, ni ina cewa to. Kin ce na ba ki kunya, na tayar miki da hankali, na watsar da kyautar da kuka yi mini ke da Hemi. Na ji. Yanzu ki zauna ki karanta, takarda ba a katse ta.

Bari in tuna miki abin da na ɗauka kin sani. Tun kafin a haife ki, duk shekarar da ƙasarmu za ta buga ƙwallon zari-ruga da Scotland a can gidansu, mutanen kulob ɗinmu kan cika bas ranar Alhamis su nufi Yarrowbrig, ɗan garin nan mai masaƙar ulu da ke kudu da Edinburgh. Shekara ta zagayo, su kuma su cika tasu bas ɗin su zo mana. Kowa da gidan da yake sauka. Ni gidan Dod Ballantyne nake sauka, shi kuma nawa. A filin wasa muka san juna muna samari, ya karya mini hanci da rana, da yamma matarsa Isa ta gyara mini gado. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Ni da shi ba mu taɓa zuwa babban filin Edinburgh ba, ko sha'awa ba mu yi. A zauren kulob ɗinsu muke kallo a talabijin, ya kira ni Gawayi saboda ramin haƙar kwal na garinmu, in kira shi Tunkiya saboda ulun garinsu, wanda ƙasarsa ta sha kashi ya sayi giya, sannan a yi waƙa har murya ta dushe. Ba ma waya, ba ma wasiƙa. Ranar Alhamis ta yi, mutum ya ga ɗan'uwansa a bakin ƙofa, shi ke nan. Bara Dod bai sauko daga bas ɗinsu ba, aka ce mini ɓarin jikinsa ya shanye. Bana kuma samarin kulob ɗinmu suka ce su birni za su, Yarrowbrig ba abin da ke cikinta sai tsofaffi da tumaki. Na gaya miki duk wannan a Kirsimeti. Na ce ina so in ga Dod, don ban ga alamar ni da shi muna da wata shekara biyu a gaba ba.

Sai ga babban ambulan daga kamfanin yawon buɗe ido. Jirgin sama, otal, kujera mai kyau a babban fili, zagayen birni da jagora, har da gidan da ake dafa wiski can arewa. Na gode, kuma da gaske nake. Na ce a raina Scotland ai Scotland ce, in na sauka zan san yadda zan yi. Abin da ban sani ba shi ne kin rubuta wa kamfanin cewa mahaifinki ba shi da ƙarfi, yana shan maganin zuciya, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Nerys, ko akuya aka ba mutum amana ba a ɗaure ta yadda aka ɗaure ni.

Jagorar tamu sunanta Tamsin. Tana ɗauke da jar laima da take ɗagawa sama mu bi ta kamar 'yan tsaki. Tun a filin jirgi ta raba mana jajayen huluna masu tambarin kamfanin, ta ce kada wanda ya cire, da su take ƙirga mu. Ni ta ƙara mini da wani abin roba a wuyan hannu mai lambar wayarta, irin wanda ake sa wa jarirai a asibiti. Tana kirana Idwal gatsau kamar tare muka yi makaranta, tana ɗaga murya a kunnena alhali kunnen ne kaɗai abin da ya rage mini mai aiki. Ranar Juma'a aka ɗora ni a keken marasa lafiya, aka lulluɓe ni da bargo, aka tura ni kan dutse in ga tsohuwar fadar sarakunansu. Iska kamar za ta cire mini kunnuwa. Aka nuna mana wata igwa, aka nuna mana kambin wata sarauniya a cikin gilashi, aka ce mu yi murmushi. Na ce wa Tamsin ina da aboki marar lafiya a Yarrowbrig, tafiyar awa ɗaya da wani abu ce a bas, ta bar ni in je in dawo. Ta ce ba ya cikin tsari. Na ce to ranar Lahadi, a cire ni daga zuwa gidan wiskin, na san ɗanɗanonsa tun ba a haifi uwarta ba. Ta yi dariya ta ce ni ɗan rigima ne, ta gyara mini bargo, ta ce 'yata ta ba ta amana. Na ce ni na haifi 'yar, ba ita ta haife ni ba. Ba ta ma ji ba, ta riga ta ɗaga laima.

Ranar Asabar da safe ina zaune a bakin otal cikin keken, ana jiran motar da za ta kai mu fili, sai wani dattijo ya tsaya a kaina. Mutuminmu ne, Trefor, daga wani kwari can yamma. Kin san irinsu, suna zuwa duk shekarar wasa ba tikiti, su yi ta zagaya ƙofofin otal ko Allah zai sa wani ya kwana da ciwon ciki ya bar musu tikitinsa. Ya ce tun yana da gashi yake zuwa garin nan, bai taɓa ganin cikin filin ba. Na dube shi. Tsawonmu ɗaya, farin gashinmu ɗaya, jan gyalenmu ɗaya, har hancin nasa wani ya taɓa yi masa aikin da Dod ya yi wa nawa. Na tambaye shi ko zai iya zama a keken nan. Ya ce shi ƙafafunsa ƙalau suke, amma in cikin filin za a kai shi, ko a akwatin gawa ne zai kwanta ya yi shiru. Tamsin ta shiga ciki neman wasu mata biyu da suka makara, mutumin da aka ɗauko don tura keken ranar kuma bai taɓa ganina ba. Na ba Trefor hula da tikiti da abin roba, ya ja gyale har hanci, na lulluɓe shi da hannuna. Na ɗauki sandata na tsallaka titi. Ina waiwaye na hango ta tana ƙirga huluna, ta ga sun cika, ta ɗaga laima.

Ba zan ɓoye miki ba, na sha wuya kafin in kai tashar bas. Na huta a jikin bango ya fi a ƙirga, a hanya kuma ƙirjin ya ɗan tsorata ni. Amma na isa. Isa ce ta buɗe ƙofa, ta tsufa ƙwarai, ta dube ni ta ce in goge takalmina. Sannan ta gaya mini a hankali cewa tun ranar Alhamis Dod ya sa aka saka masa kwat ɗin kulob, aka zaunar da shi a bakin taga. Ta ce masa bas ɗin Wales ba za ta zo bana ba, ya ce shi ba bas yake jira ba. Na shiga na same shi a nan, ya rame har na ga kwat ɗin ya fi ƙarfinsa, bakinsa ya karkace, hannun dama na kwance a cinya. Ya daɗe yana haɗa magana kafin ta fito. Ya ce wai Gawayi, yau Alhamis ce a garinku? Na ce na tsaya kallon igwarsu ne, tunda ita ce kaɗai abin da suke da shi mai harbi ya kai nesa. Ya yi dariya har sai da Isa ta goge masa haɓa.

Ba mu je zauren kulob ba, ba zai iya ba. Isa ta kawo miyar sha'ir da naman rago, ta kunna talabijin, ta ja mini kujera kusa da tasa. Na rera takenmu a zaune, ya yi nasu da rabin baki. Muka yi musu kan alƙalin wasa. Ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya, bai sake ba. Daga nan ban san yadda aka yi ba, ɗakin da ɗumi, cikinmu ya cika, sai barci ya kwashe mu duka biyun tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Ɗan sanda ne ya tashe mu.

Sauran kin fi ni sani. An ce da aka fara taken ƙasa Trefor ya manta da kansa, ya yar da bargo, ya miƙe tsaye daga keken yana rerawa da hawaye. Tamsin ta ga abin ya burge ta, ta ɗauki hotonsa ta aiko miki, wai ga mahaifinki yana cikin farin ciki. Kwana biyu tana tare da ni, tana gyara mini bargo, ba ta taɓa duban fuskata ba. Ke kika gaya mata wannan ba ubanki ba ne. Na san hankalinki ya tashi, ga nisa, ga shi asuba ce a wajenku, kuma wannan ya dame ni. Amma ɗan sandan ya gaya mini wani abu da har yau yake ci mini rai. Ya ce da suka tambaye ki ko kina da masaniyar inda zan nufa, ba ki ko yi jim ba, kika ce su je Yarrowbrig gidan Dod Ballantyne. Ashe kin sani, Nerys. Kin san inda zuciyata take, kika aika ni kallon kambin sarauniya.

Da ɗan sandan ya ce ana nemana a Edinburgh, Dod ya tambaye shi wa ya ci. Ya ce Scotland. Dod ya juyo ya ce mini to ni ne da sayen giya, kada in gudu da ita. Na ce baɗi in ya zo zan saya. Ya ce zai zo. Isa ta juya tana kwashe kwanuka. A motar 'yan sanda aka mayar da ni otal, ranar Lahadi kuma na je na ga gangunan wiski, Tamsin na riƙe da keken da hannu biyu. Na ba ta haƙuri sau ɗaya, don na ga ta yi kuka kuma aikinta ne. Kin ce in rubuta wa kamfanin takardar ban haƙuri. Ba zan rubuta ba.

Ranar Litinin da ta wuce wayar gidan nan ta yi ƙara, na ɗauka ke ce za ki ci gaba daga inda kika tsaya. Isa ce. Ban taɓa jin muryarta a waya ba, don haka tun kafin ta faɗa na gane. Dod ya rasu ranar Asabar da ta gabata, da safe, a kujerar tasa. An riga an binne shi, ta ce ba ta so in sake tsallaka wani titi da sanda. Allah Ya ji ƙansa. Ban gaya wa kowa ba sai Beti, sai ke yanzu.

Hemi ya ce mini a waya kuna duba wata tafiyar ta baɗi, wai Roma, akwai wasa akwai kufai na tarihi, kuma wani kamfanin ne daban da ya fi kula da tsofaffi. Don Allah ku bari. Ba na son a ƙara kula da ni. In kuna da abin kashewa, ga inda za ku kashe shi. Baɗi mutanen Yarrowbrig ne za su zo mana, Isa kuma ta ce za ta hau bas ɗin a kujerar mijinta, tana so ta ga gidan da yake kwana duk shekarun nan. Ɗakin baya yana yoyo ta wajen taga, bangon ya yi baƙi, katifar ta lotse. Dod bai taɓa kula ba, amma ba zan sa Isa a ciki haka ba. Ki sa a turo mini mai gyara kafin sanyi ya dawo. Ba jagora, ba hula.

Ki gaishe mini da Hemi, ki ce masa ban yi fushi da shi ba, na san ke ce mai shawarar. Ki gaishe da jikata Carys, na ga hoton bikin makarantarta, ta ɗauko goshin mahaifiyarki. Ki ce wa jikana Tane ya riƙa sunkuyar da kai in zai kama mutum a fili, hanci ɗaya gare shi. Ki miƙa gaisuwata ga surukarki Marama. Beti tana gaishe ki, goggonki ma da ta san ko ke wace ce da ta gaishe ki. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu.

Ni ne mahaifinki,
Idwal Prosser.